Ruwa da Sabulu a Ɗakin Majinyata

 

Ba zan tsaya ba ku labarin Kogin Haɗejia ba, ko ambaliyar 2022 wadda ta cinye gonaki da hanyoyi tun daga Ringim har Auyo da Kafin Hausa, domin ku mutanen Miga kun fi ni sanin inda ruwa ya tsaya a jikin katangunku. Abin da ya kawo ni shi ne mas'alar da na daɗe ina jayayya a kanta da 'yan'uwana likitoci da manyan ma'aikata na Dutse, wato cewa mutumin da aka ɗauko a kwalekwale ko a bayan babur, aka sha wahala aka kawo shi asibiti, aka yanki kati, aka ba shi gado, amana ce a wuyanmu, kuma mafi ƙarancin haƙƙin wannan amana shi ne kada ya kwashi wata cuta daga hannunmu wadda bai zo da ita daga gida ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2022 cewa a ƙasashe irin namu, cikin kowane majinyata 100 da aka kwantar, 15 sukan kamu da wata cutar a cikin asibitin, alhali a ƙasashe masu wadata 7 ne. Waɗannan ba baƙi ba ne a gare mu: ita ce mai jegon da aka yi wa tiyata lafiya, bayan kwana huɗu ɗinki ya fara ruwa, shi ne jaririn da cibiyarsa ta rurrure, shi ne dattijon da gurbin ƙarin ruwa ya kumbura a damtsensa.

Hujjata tsohuwa ce, kuma ba na gajiya da maimaita ta. A babban asibitin birnin Biyana na ƙasar Ostiriya akwai ɗakunan haihuwa biyu, ɗaya a hannun likitoci da ɗalibansu, ɗaya a hannun ungozomomi, kuma shekara da shekaru mata suna mutuwa da zazzaɓin jego a ɗakin likitoci fiye da ninki biyu na ɗakin ungozomomi, har masu ciki suka riƙa roƙon kada a kai su can. Wani likita mai suna Ignaz Semmelweis ya yi ta nazari bai gano sababi ba, sai a 1847 da wuƙar binciken gawa ta yanki wani abokin aikinsa, ya rasu da alamomi irin na matan nan, sannan ya fahimci cewa ɗalibai suna fitowa daga ɗakin gawa su shiga duba masu naƙuda da hannayen da ba su tsarkaka ba. Ya wajabta wanke hannu da ruwan kulorin. A watan Afrilu na shekarar, kafin a fara wanke hannun, mata 18 cikin 100 suka mutu a ɗakin. Kafin ƙarshen Yuli adadin ya sauko ƙasa da 2. Bai gina sabon ɗaki ba, bai sayo na'ura ba, bai ƙaro likita ko ɗaya ba. Kuma duk da wannan dalili bayyananne, manyan malaman likitanci na zamaninsa suka ƙi shi, domin ya yi musu nauyi su yarda cewa hannun mai ilimi yana iya ɗaukar ajali, har ya rasu a 1865 a gidan masu taɓin hankali. Wannan girman kan bai mutu tare da su ba. Na gan shi a zagayen safe, inda babba yakan taɓa majinyata goma a jere, ƙananan ma'aikata suna kallo, kunya ta hana su miƙa masa sabulu.

Abin da ya fi damuna shi ne mu al'umma ce da ta karanta Ahalari da Ishmawi tun ƙuruciya, muka san tsarki yana gaba da salla, muka san bambancin ruwa mai tsarkakewa da wanda ya jirkita. Amma na kwana a wani asibiti, wanda ba zan ambaci sunansa ba, ina jinyar ƙanwata, na ga nas ɗaya tilo tana kula da ɗaki cike, famfo a bushe, masu jinya suna sayen ruwan leda don ta kurkure hannu, alhali ruwa ya kewaye garin ta kowace fuska.

Za a ce babu kuɗi, za a ce likitoci sun tafi Saudiyya da Ingila. Na ji. Amma kuɗin fentin katanga guda ya isa sabulun shekara. Ga kuma Jahun nan maƙwabtanku, inda ƙungiyar likitocin MSF take aiki a ɓangaren haihuwa da na yoyon fitsari tun 2008; ku tambayi matanku da suka kwanta a can ko ana wasa da ƙa'idar tsabta.

Saboda haka ina roƙon a sa rijiyar burtsatse mai sola da tanki a kowane asibitin da ake kwantar da mutane, a ɗaga bakinta sama da inda ambaliya take kaiwa, a sa famfo a ƙofar kowane ɗaki, kuɗin sabulu kuma ya sami layinsa a kasafi. Mai jinya, wanda shi ne yake juya majinyaci, ya ba shi abinci, ya zubar da fo, a daina korarsa kamar ɓarawo. A zaunar da shi ranar farko a koya masa wanke hannu da alamomin da zai gani ya ta da nas ko da tsakar dare ne. Duk wanda ya rasu a kan gadonmu, a zauna cikin mako a binciki fayil ɗinsa ba don neman mai laifi ba, domin yarda da ƙaddara ba ta taɓa ɗauke wa kowa hisabin sakaci ba. Ranka ya daɗe Hakimi, ina roƙon ka naɗa dattawa biyu da mata biyu su riƙa zagaya ɗakunan nan kowace Juma'a, su murɗa famfo da hannunsu, su kawo maka labarin abin da ya fito.