Yadda Muka Tada Fijon Baba

Shugaban taro, malamanmu, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai, an ce in faɗi yadda aka yi tsohuwar Fijo ta kawo ni nan da ƙafafunta. To, ga labarin.

Da yawanku kun san motar nan, domin ita ke kawo mini garin kwaki da ƙuli ranar ziyara. Fijo 504 ce, ƙirar da Faransa ta fitar a 1968, wadda kamfanin PAN na Kaduna, da ya fara aiki a 1975, ya riƙa haɗawa. Bayan rasuwar mahaifinmu ta yi shekara tara a ƙarƙashin darbejiya a Rogo, kaji na ƙwai a kujerar baya. Da 'yan gwangwan suka zo tayi, Inna ta ce ba da ranta ba. Shi ke nan, aiki ya hau kaina.

Bakanike na farko cewa ya yi a jefar da injin, a dasa na Toyota. Na ƙi. Na sami wani dattijo a Ƙaraye, wanda ya koyi sana'a tun Fijo na tashe, ya sauke injin ya baje shi a kan buhu. A nan na ga hikimar masu ƙirar. Silinda huɗun nan ba a jikin injin aka huda su ba, kwasfa ce da ake zarewa, ruwan lagireto na zagaya ta. In ta cinye, sai a sa sabuwa da fistin da ringinta. Amma fa akwai abin toshewa a gindin kowace kwasfa, wanda in bai zauna daidai ba ruwa zai gauraye da baƙin mai, aiki ya koma baya. Dattijon ya yi yini guda a kan wannan kaɗai, ina tsaye ina duba agogo.

Kuloci kuwa, nan na yi wautata. Na je Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, albashi ya ja baya, na sayo faranti kaɗai. Ya ce, "Yaro, abu uku ne ke tafiya tare: faranti, da murfin da ke matse shi, da boris ɗin da ke sakinsa." Na nace. Ba a yi wata biyu ba, a hanyar madatsar ruwa ta Challawa, na taka mai, inji na ruri, mota na jan ciki. Aka sake sauke inji, na biya kuɗin aiki sau biyu. Bai ce mini komai ba, wanda ya fi zagi ciwo. Kulocin 504 da man birki yake aiki, saboda haka sai da muka fitar da iskar da ta shiga bututun kafin giya ta yarda ta shiga.

Abin da ya dame ni shi ne, dattijon nan ya haura saba'in, idonsa ya fara rauni, kuma yaransa duk sun koma gyaran babur. Ina roƙon ƙungiya ta ɗauki nauyin kawo shi makaranta ranar Asabar biyu a zangon karatu mai zuwa, ya kwance inji a gaban ɗaliban ajin kimiyya. Tsofaffin kwasfa da fistin da muka cire suna but ɗin motar, na ba makaranta. Tana bakin ƙofa, wanda ke so ya ji kukanta sai mu haɗu bayan La'asar.

Wassalam.