Maiƙon Fatar Ido da Masu Sa Gilashin Manne



Da Sakatare ya aiko mini cewa ni zan yi magana bana a kan abin da ya shafi aikina na duba ido, sai na ga gara in fara da idon kaina. Waɗanda muka yi aji ɗaya ba su manta sunan da suka laƙaba mini ba, wato Mai Ido Huɗu, saboda tabarau mai kauri kamar gindin kwalba da nake sawa tun muna aji biyu. To, sunan nan ya yi mini ciwo fiye da yadda kuke zato. Ina fara karɓar albashi na ajiye tabarau, na koma ga ɗan gilashin nan mai taushi da ake mannawa a ƙwayar ido, wanda yaran yanzu ke kira kontak. Na shekara goma sha biyar ina sa shi tun asuba har bayan lisha. Daga nan sai ido ya fara yi mini zafi da yamma kamar an watsa mini yashi, rubutu ya riƙa yi mini dishi-dishi sai na ƙyafta ya washe, in kuwa na fita iska sai hawaye. Ni da nake duba na wasu, sai da wani abokin aiki ya juya fatar idona ya ɗauki hotonta kana na yarda da abin da ke damuna.

Malaminmu na bayoloji, ga shi can zaune, ya sha zana mana ido a allo, amma mu fatar ido ba mu ɗauke ta komai ba sai murfi. Alhali kuwa a cikinta akwai 'yan jakunkunan maiƙo jere a tsaye, kimanin 30 a ta sama, 20 da 'yan kai a ta ƙasa, bakinsu yana buɗewa a gefen fatar, bayan gashin ido. Wani likita Bajamushe mai suna Heinrich Meibom ne ya yi bayaninsu a 1666, shi ya sa ake kiransu da sunansa. Duk ƙyaftawar da mutum ya yi sai ta matso ɗan maiƙo daga cikinsu, ya bazu a saman hawayen da ke lulluɓe da ido. Duk wadda ta taɓa dafa miya ta san in mai ya taso ya rufe samanta, tururi ba ya fita da sauri. Aikin maiƙon nan ke nan. In babu shi hawayen ya ƙafe nan da nan, ido ya ji zafi, ya kwararo da wani sabon hawaye tsinkakke wanda ba ya zama. Shi ya sa mai bushewar ido yakan zo mana yana kukan yawan hawaye, in an ce masa bushewa ce ya ɗauka ba'a ake yi masa. A 2011 wani kwamitin masana ido na ƙasashe daban-daban ya fid da rahoton da ya ce lalacewar jakunkunan nan mai yiwuwa ita ce babbar sanadin bushewar ido a duniya.

To ina gilashin manne ya shigo? Mai taushin nan wani masanin sinadarai ɗan Cekoslobakiya, Otto Wichterle, ya fara yin sa a 1961, aka soma sayar da shi a Amurka a 1971, kuma ba ni musun amfaninsa. Sai dai in ya zauna a ido yana raba hawaye biyu, kaɗan a ƙarƙashinsa kaɗan a samansa, na saman ya yi siriri har maiƙo ya kasa shimfiɗuwa a kansa sosai. Ga kuma gogar fatar ido da yake yi sau dubbai a yini. A 2009 wata likita a Japan, Reiko Arita, da abokan aikinta suka ɗauki hoton jakunkunan masu sa shi, suka tarar sun fi na sauran mutane raguwa, kuma gwargwadon daɗewar mutum yana sawa gwargwadon asarar. Wasu binciken da suka biyo baya ba su ga bambancin ya kai haka ba. Ni dai na ga hoton nawa, na ga gurabe fayau inda ya kamata a ga jere, kuma wanda ya riga ya ƙanƙance ya ɓace babu maganin da aka tabbatar yana dawo da shi.

Mu nan kuma namu ya fi, domin ga hunturu da ƙura, ga fanka da iyakwandishan, ga waya. Mutum yakan ƙyafta wajen sau 15 a minti, amma in ya ƙura wa waya ko kwamfuta ido sai adadin ya ragu ƙwarai, ƙyaftawar ma rabi-rabi. Maiƙon da bai fita ba sai ya daskare kamar man shanu a cikin sanyi, ya toshe bakin jakar, wani lokaci har ya zama hazbiya. Iyayen amare da ke nan, ku yi mini haƙuri in faɗa: kwallin da ake zizarawa a cikin gefen ido daidai bakin jakunkunan yake zama, sa'an nan mai kwalliya ta kawo gilashi mai launi da ba wanda ya auna, ta manna wa yarinya, ta yini da shi har ta kwana. Na karɓi irinsu da gyambo a baƙin ido tun lalle bai goge ba.

Abin yi ba mai tsada ba ne. A cire gilashin tukuna, a tsoma tsumma mai tsabta a ruwan ɗumi wanda fata ke iya jurewa, a ɗora a rufaffen ido minti 5 zuwa 10, ana sake tsomawa domin yana hucewa da wuri. Sa'an nan a shafo fatar sama zuwa ƙasa, ta ƙasa zuwa sama, a hankali, a goge gindin gashin ido. Kullum ake yi, ba sai ido ya yi ja ba. Kada a kwana da gilashin, kada a wanke shi da ruwan famfo ko na rijiya, kuma a rage awoyin sa shi. Maganin ɗigawa na kemis mai kashe ja nan take a guje shi sai da izinin likita, domin wasunsu na iya jawo hawan ruwan ido ko yana. Masu sayen ƙwayar man kifi kuwa su sani wani babban gwaji da aka buga a Amurka a 2018 bai ga ta fi man zaitun amfani ga bushewar ido ba. Ni gara ka sayi kifin ka ci da iyali.

Kamar yadda kuke gani, na koma ga tabarau, gilashin manne sai jefi-jefi, awa huɗu ko biyar in cire. Saboda haka wanda ke son ya ci gaba da kirana da tsohon sunana na yafe masa. Na zo da fitilar dubawa, zan zauna a teburin baya bayan an ci abinci, malamanmu su ne farko.