Hutun Iyali: Bakin Teku ko Bakin Tiga?

 



Kwamitin shirya taro ya nemi mu ce wani abu game da hutun iyali, saboda wasu daga cikin 'ya'yanmu da Allah Ya buɗa wa sun fara kwasar iyalansu zuwa manyan otal-otal na bakin teku a ƙasashen waje, wasu kuma suna ta tambaya yadda ake zaɓen irin waɗannan wurare. Da farko mun so mu nemi afuwa, don wanda ya ƙare rayuwarsa tsakanin allo da alli ba shi ne gwanin wannan fage ba. Amma da muka tuna cewa ƙasar nan tamu ta Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa ita ce aka taɓa zaɓa ta zama wurin shaƙatawar Jihar Kano gaba ɗaya, sai muka ga muna da ta cewa.

Bari mu fara da bayyana abin da ake nufi da irin wannan otal, don dattawan da ke zauren nan su san inda aka dosa. Tsari ne na biya ɗaya: mutum ya biya kuɗi dunƙule tun yana gida, a ba shi ɗaki da abinci sau uku da abin sha da wasannin yara, wani lokaci har da kujerar jirgi da motar da za ta ɗauko shi daga filin jirgi. Da ya shiga, a ɗaura masa wani ɗan zare a wuyan hannu, shi ke nan, ba ya sake taɓa aljihu. Wani ɗan ƙasar Beljiyam mai suna Gerard Blitz ne ya shahara da fara wannan tsari a 1950, a tsibirin Mayorka na ƙasar Sifen, kuma a cikin tantuna baƙinsa na farko suka kwana. Daga nan kamfaninsa, Club Med, ya bunƙasa, wasu suka kwaikwaya. Yau akwai irinsu birjik a Sharm el-Sheikh da Hurgada a gaɓar Bahar Maliya ta Masar, da Antaliya a Turkiyya, da Zanzibar, da Gambiya.

Ba mu ga laifin wanda ya nemi halaliyarsa ya kai iyalinsa su huta ba. Tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma yaron da ya ga teku da idonsa ya fi wanda muka zana wa ita a kan allo fahimtar darasin labarin ƙasa. Sai dai waɗannan otal-otal ba don mu aka tsara su ba, kuma a nan ne mai zaɓe zai buɗe ido.

Ɗakin otal na Turawa an auna shi ne da miji da mata da 'ya'ya biyu. Kuɗin da kuke gani a talla na mutum ɗaya ne, bisa sharaɗin mutum biyu za su kwana a ɗaki guda. To, Alhaji mai mata biyu da 'ya'ya tara, ga Hajiya Babba da ba za a bari a gida ba, ga yarinyar da ke riƙon jariri, ɗakuna nawa zai kama? A yawancin wuraren nan yaron da ya kai shekara goma sha biyu babba ne wajen biya. Saboda haka kada ku yi lissafi da farashin talla. Ku rubuta sunan kowa da shekarunsa, ku nemi a ba ku jimla a rubuce, sannan ku ɗora kuɗin biza da fasfo da katin rigakafin shawara. Ku tuna da dala ake biya, kuma tun 2023 dala ɗaya ta haura naira dubu. Mun san gidajen da kuɗin mako guda a irin wannan wuri ya fi kuɗin makarantar yaransu na shekara. Wanda zai ci bashi ko ya taɓa kuɗin makaranta don ya ɗauki hoto a bakin teku, muna roƙonsa da girman Allah ya haƙura.

Sai batun abin da biya ɗayan ya ƙunsa. Kuɗin goro ake yi wa kowa, kuma kaso mai tsoka na abin da aka lissafa a ciki giya ce, wadda Bature zai wuni yana sha. Kai da ba ka sha, ka biya wa wani. Haka nan abinci: a Masar da Turkiyya ba a cika samun matsalar yanka ba, amma a wasu ƙasashen sai an tambaya, kuma tambayar a yi ta kafin a biya, don in an isa bakin alƙalami ya bushe. A tambaya ko akwai masallaci ko ɗakin salla. A tambaya ko akwai wurin iyo na mata daban, domin a Antaliya da kewayenta akwai otal-otal da aka gina musamman don iyalan Musulmi, ba giya, kuma mata da nasu wurin. Mu dai ba mu ga hikimar mutum ya yi shekara goma sha biyar yana tarbiyyar 'yarsa, sannan ya biya miliyoyi ya zaunar da ita kwana bakwai a tsakiyar tsiraici ba. Girman otal kuma ba shi ne kyansa ba. Wurin da ke ɗaukar baƙi dubu biyu, daga ɗaki zuwa wurin cin abinci tafiya ce, ga layi, ga hayaniya har tsakar dare. Tsohuwa mai ciwon gwiwa za ta ƙare hutunta a ɗaki.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne ruwa. 'Ya'yanmu na birni ba su iya iyo ba, iyayensu ma akasari haka. Teku ba kududdufi ba ce. Tana da igiyar da ke jan mutum ciki ko da ruwan bai wuce ƙugunsa ba. Duk otal ɗin da ba shi da masu tsaron masu iyo a bakin ruwa tun safe har yamma, ku tsallake shi komai arahar sa. In kun ga an kafa jar tuta, ba a shiga. Kuma kada uwa ta miƙa yara ga ma'aikatan wasanni ta koma ɗaki ta kwanta.

Akwai kuma wani darasi da ya shafe mu a matsayin ƙungiyar ci gaban gari. Baƙon da ya biya komai tun daga ƙasarsa ba ya fita ya sayi ko ƙosai a wajen katanga. Mai tasi da mai sayar da 'ya'yan itace da mai sassaƙa suna kallon baƙi ta bayan waya, kuɗin kuwa ya tsaya a hannun kamfanin jirgi da mai otal. Abin ya ishi Gambiya har gwamnatinta ta hana wannan tsari a 1999, amma ba a yi nisa ba ta janye hanin, domin kamfanonin Turai da ke kawo baƙin sun fi ta ƙarfi a wannan ciniki. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yanzu mu juyo gida. Matasan da ke nan ba su san abin da Bagauda ta kasance ba. Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, Allah Ya ba ta gwamna mai hangen nesa, marigayi Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako, wanda ya yi mulki har 1975. Shi ya datse ruwa a Bagauda, ya gina otal a bakin tafkin, da ɗakuna zagayayyu masu siffar bukkokinmu, aka sa wa wurin sunan sarkin Kano na farko. Shi ya gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, tafkin da aka tsara ya ɗauki ruwa kusan mita biliyan biyu mai kusurwa uku, wanda har gobe shi ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura da Bunkure. A kan dutsen da ke kallon tafkin aka gina otal ɗin Rock Castle. A zamaninsa ne kuma dajin Kogin Kano, wanda Turawa suka keɓe tun kafin 'yancin kai, ya zama gandun namun daji na Falgore, mai faɗin kusan murabba'in kilomita dubu. Duba ku gani: tafki, da otal, da dutse, da daji, duk a kan hanya ɗaya, tafiyar awa ɗaya ko biyu daga Kano. Abin da mutanenmu ke hawa jirgi su nema yau, an shimfiɗa harsashinsa a ƙofar gidanmu shekara hamsin da suka wuce.

Mun ga wannan zamani da idonmu. Ranar Juma'a da yamma motoci ne jere daga Kano da Zariya da Kaduna, Turawa da Kwarori da manyan ma'aikata, angwaye da amare. Manyan tarurrukan ƙasa a nan ake yin su. Mu malaman makaranta ba za mu manta da taron ƙara wa juna sani na Bagauda na 1980 ba, inda masana ilimi daga ko'ina a Nijeriya suka zauna kan yadda za a aiwatar da sabon tsarin ilimi na ƙasa. Duk makarantar firamare da ta isa, sai ta kai 'yan aji shida su ga Tiga kafin su fita. Yaro ya tsaya a kan madatsa ya ga ruwa iya ganinsa, ya dawo yana tambayar yadda ake zama injiniya.

Abin da ya biyo baya kun san shi. A watan Agusta na 1988 madatsar Bagauda ta ɓalle bayan ruwa mai yawa, aka yi asarar rayuka da gonaki, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Otal ɗin ya yi ta ja da baya har aka mayar da harabarsa reshen Makarantar Horon Lauyoyi ta Nijeriya, kuma wannan bai zama asara ba, tunda ɗalibai daga kowace jiha suna zuwa, 'yan kasuwarmu suna samu. Rock Castle ya yi shekaru babu kulawa. Falgore kuwa, maimakon masu yawon buɗe ido, sai ɓarayin shanu da 'yan fashi suka mayar da shi maɓoya, har rundunar soja ta mai da wani sashensa filin atisaye a 2017. Ba za mu tsaya a gabanku mu ce ku kwashi mata da yara ku kwana a daji don kishin gari ba. Wanda zai shiga Falgore ko ya wuce Riruwai ya ga duwatsu da tsofaffin ramukan kuza, ya fara tuntuɓar hakimi da jami'an tsaro, ya tafi da rana, ya tafi da ɗan gari.

Haka nan ruwan Tiga, na kallo ne da shiga kwalekwale da rigar kariya, ba na wanka ba. Ruwan da ke kwance irin na tafki da magudanan noman rani yana ɗauke da ƙananan dodon koɗi masu yaɗa tsargiya. Mun yi shekaru muna ganin ɗalibai suna fitsarin jini, iyaye na ɗauka alamar balaga ce. Wanda ya tsoma yaransa, ya kai su asibiti a duba. Maganin yana nan, kuma ba shi da tsada.

To, ga inda darasin Gambiya ya shigo. Sau da yawa a tarurrukanmu ana cewa a roƙi gwamnati ta kawo babban kamfani ya gina katafaren otal a Tiga. Muna goyon bayan a gyara abin da Audu Bako ya bari, amma mu san abin da muke roƙo. In aka kewaye bakin ruwa da katanga, aka kawo abinci daga Kano a mota, aka hana masunta sauka, to mutumin Tiga zai zama mai gadi a ƙasar kakansa. Abin da zai amfane mu shi ne ƙananan masaukai masu tsabta, na 'yan gari, inda baƙo zai ci kifin da aka kamo da safe, ya sayi shinkafar Tudun Wada da rake da zuma a Kwanar Dangora, ya ɗauki saurayin garin ya zaga da shi, kuɗin ya shiga hannu goma maimakon ɗaya. Wannan ba ya bukatar biliyoyi. Da yawanku kun gina gidaje a garuruwanku waɗanda ba a buɗe su sai ranar Salla ko ranar rasuwa. Ƙadangaru ne ke hutu a ciki.

Kuma akwai abin da otal ɗin Masar ba zai sayar muku ba ko nawa kuka biya. Muna karɓar jikokinmu daga Legas, yaro ya kai shekara goma bai iya gaida kakarsa da Hausa ba, bai san dawa daga gero ba, bai san kabarin kakansa ba. Dogon hutun makaranta yana faɗowa ne a Agusta, lokacin da ƙasar nan ta fi kyau, duwatsun Doguwa sun yi kore shar, masara ta nuna. Wanda Allah Ya hore wa ya je teku, ya je, amma ya raba hutun biyu, kuma ya fara da gida. Wanda yake son namun daji da ruwan wanka mai lafiya ba tare da biza ba, ga Yankari a Jihar Bauchi, da maɓuɓɓugar Wikki mai ɗumi, ruwa garau ana ganin ƙasansa.

Muna ba shugabannin ƙungiya shawara su kafa ƙaramin kwamiti, mutum biyar sun isa, ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma da mace ɗaya daga reshen mata. Su zaga Tiga da Bagauda da Tudun Wada su rubuto masaukan da iyali za su iya kwana, da farashinsu, da masu kwalekwalen da ke da rigunan kariya, da asibitin da ya fi kusa da kowane wuri, a buga a mujallar baɗi. Su kuma tsayar da mako guda a cikin dogon hutu wanda rassan Legas da Abuja da Kaduna za su turo yaransu tare, a sauke su a gidajen danginsu, a haɗa su da 'yan'uwansu na makarantun gari a kai su madatsa da gonakin Kadawa. Mu tsofaffin malamai da muka yi ritaya muna nan, ba mu da aikin da ya fi wannan, za mu raka su kyauta. Mota da abincin rana kawai muke nema daga asusun ƙungiya.