Jininmu a ɗakin bincike: mu shiga, amma da sharaɗi



Kowa a nan ya san wani mai hawan jini ko ciwon suga. Waɗannan cututtuka sun sha bamban da amosanin jini, wanda canji guda a ƙwayar gado ke haddasawa. Su kuwa ɗaruruwan ƙananan canje-canje ne cikin ADN, kowanne da ɗan kasonsa, sai su haɗu da abinci da yanayin rayuwa. Kafin a gano su sai an kwatanta jinin dubban mutane, masu ciwon da marasa shi. A Birtaniya, shirin UK Biobank ya tara jini da bayanan lafiyar mutum 500,000 daga 2006 zuwa 2010.

To su wa ake bincikawa a duniya? Wani ƙidayar da aka buga a 2016 ya nuna kashi 81 cikin 100 ƴan asalin Turai ne. Ƴan asalin Afirka kusan kashi 3 kawai. Shi ya sa ma'aunin da ke hasashen haɗarin ciwo daga ƙwayoyin gado ya fi yin kuskure a kanmu. Riga ce aka ɗinka da awon wani.

Alhali a Afirka ɗan Adam ya fi bambancin ƙwayoyin gado. A 2020 masu binciken shirin H3Africa sun duba mutum 426 kacal daga ƙasashe 13 na nahiyar nan, suka samu canje-canje sama da miliyan 3 da ba a taɓa rubutawa ba.

Wannan arziki ne, kuma an riga an ci moriyarsa. A 2005, a birnin Dalas na Amurka, an gano wasu baƙaƙen fata da ƙwayar gadonsu mai suna PCSK9 ba ta aiki sosai. Mugun kitsen jininsu kaɗan ne, ciwon zuciya bai cika kama su ba. Wannan ya buɗa hanyar sabbin magungunan rage kitsen jini da suka fito a 2015, a kan sama da dala 14,000 a shekara, wato fiye da miliyan 8 na sefa. Ku gaya mini, wa zai iya sayensu a Tawa ko Damagaram?

Na san abin da wasunku ke tunani: Kano, 1996. Lokacin annobar sanƙarau kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara wajen 200, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Tsoron na da dalili. Amma in mun rufe ƙofa, likitocin gobe za su ci gaba da duba mu da awon wasu.

Mu shiga, da sharaɗi. A yi wa mutum bayani da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Barbarci ko Buzanci kafin ya miƙa hannu, ya san yana iya cewa a'a. A faɗa masa inda za a kai jinin da wanda zai riƙe bayanan. Ɗaliban jami'o'inmu na Yamai, Maraɗi da Damagaram su kasance cikin masu binciken, kar a bar su da ɗaukar kwalabe. In magani ya fito, ya zo asibitocinmu da kuɗin da talaka zai iya.

Ƙabilar San ta Afirka ta Kudu ta rubuta nata ƙa'idojin bincike a 2017. Mu ma mu rubuta namu, mu kai wa ma'aikatar lafiya. Kafin nan, duk wanda ya zo unguwarku neman jini da sunan bincike, ku tambaye shi takardar izini, ku tambaye shi ina za a kai.

Allah ya ba mu lafiya.