Wace Manhaja Za Mu Auna Madatsar Dutse Da Ita?



Tambayar da ɗaliban injiniya suka fi yi mini ita ce: PLAXIS 3D za su koya, ko FLAC3D? Ni kuwa nakan ce su fara gaya mini kwarin da za a tare.

Mu ɗauki madatsar Gurara, a nan kudancin Kaduna, wadda kamfanin Salini ya gina da ƙasa da duwatsu. Tana riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 880, ana tura shi Abuja ta bututu mai tsawon kilomita 75. Doguwa ce, ta miƙe sosai, saboda haka idan ka yanka ta a tsakiya ka duba fuska biyu kawai, da manhaja irin GeoStudio, za ka gane yadda ruwa ke tsatsafowa da ko gangaren zai zame. Shiroro kuwa, a kan Kogin Kaduna, daban take: tsayinta mita 115, tsawonta mita 700 kacal, an lulluɓe fuskarta da kankare. A matsattsen wuri irin wannan, duwatsun sukan jingina da gefen kwari, tsakiya ta nutse, gefe ya tsaya. Lissafin fuska biyu ba ya ganin haka. A 2006 kankaren fuskar madatsar Mohale ta Lesoto, mai tsayin mita 145, ya tsage bayan ruwa ya cika ta da sauri. Irin haka ya sami Campos Novos ta Birazil. A nan ne auna tsawo da faɗi da zurfi gaba ɗaya ya zama dole.

PLAXIS, wadda ta samo asali daga Delft ta ƙasar Holan, ta fi sauƙin koyo, kuma tana bin ginin hawa-hawa kamar yadda ake zuba dutse ana daddanne shi. FLAC3D ta kamfanin Itasca ta fi ƙarfi wajen girgizar ƙasa da babbar zamewa, amma sai ka iya rubuta mata umarni. Dukkansu da dala ake biyan lasisi. OpenSees kyauta ce, sai dai tana cin lokaci. Ina roƙonku, 'ya'yana, ku guji manhajar sata, domin rayukan mutanen da ke zaune ƙasa da madatsar ne a hannunku.

Amma abin da ya fi damuna ba sunan manhaja ba ne. Ku je inda ake fasa dutse ku tsaya. Dutsen da katafila ke turawa ya fi buhun masara girma, wanda ake matsawa a ɗakin gwaji kuwa bai wuce dunƙulen hannu ba. Babban dutse ya fi saurin karyewa a bakinsa, kuma ranar da ruwa ya fara jiƙa shi, sai gefunan su murƙushe, madatsar ta zauna. Idan lambobin tsakuwa ka ba kwamfuta, za ta zana maka hoto mai launi, kyakkyawa, wanda bai dace da dutsenka ba.

Don haka kafin jami'a ta sayi lasisi, ta nemi bayanan na'urorin da aka binne cikin Gurara da Shiroro, masu auna matsin ruwa da nutsewar gini. A ba kowace manhaja aikin hasashen abin da ya riga ya faru, a sayi wadda lissafinta ya zo kusa da abin da aka auna.