Jawabi a Taron Shekara na Tsofaffin Ɗalibai: "A Lot Of" da Takardun da Muke Rubutawa

 

Kwamitin shirya taro ya nemi in yi magana a kan Turancin da muke aiki da shi bayan barin makaranta. Na zaɓi ɗan guntun furuci guda, wato "a lot of", wanda a Hausa muke cewa "da yawa". Ina neman afuwar malamanmu na Ingilishi, domin magana a kan nahawu a gabansu tamkar kai gishiri ne Bilma.

A tsohon Ingilishi, kalmar "lot" na nufin ƙuri'a, ko rabon da ya faɗo wa mutum in an yi ƙuri'a. Daga nan ta koma nufin kashin kaya, kamar yadda mai doya ke kasa doyarsa kashi-kashi a kasuwa, sannan ta zama hanyar faɗin yawa.

Abu na farko, wannan furuci ba ya zaɓen suna. Turanci ya raba sunaye biyu: masu ƙirguwa kamar buhu da makaranta, da marasa ƙirguwa kamar ruwa da masara. "Many" na tafiya da masu ƙirguwa, "much" da marasa ƙirguwa, amma "a lot of" na tafiya da kowanne, kamar dai "da yawa" namu. Bambancin kawai shi ne namu yana bin bayan suna, nasu kuwa yana gabansa.

Na biyu, kuma nan ne yawancinmu ke tuntuɓe: aikatau yana bin sunan da ya zo bayan "of", ba ruwansa da "lot". Za ka ce "A lot of maize was sold", amma "A lot of bags were sold". Kalmar "cattle", wato shanu, jam'i ce da kanta, ba a ƙara mata "s", saboda haka "A lot of cattle were stolen" shi ne daidai. Haka nan "information", "equipment", "furniture" da "advice" ba sa karɓar "s" komai yawansu.

Na uku, rubutu. "A" da "lot" kalmomi biyu ne, ba a haɗe su. "Lots of" daidai ne a hira, amma babu "a lots of" a Turanci. In babu suna a gaba, sai a yar da "of", a ce "It rained a lot". A wasiƙar ofis da insha'in jarrabawar WAEC kuma, ya fi kyau a yi amfani da "many", ko "a large number of" ga masu ƙirguwa, da "a great deal of" ga marasa ƙirguwa. Masu ƙanne da 'ya'ya a aji shida, don Allah ku isar musu.

To, jama'a, ga abin da ya sa na zaɓi wannan batu. A wurin aikina takardun koke kan zo daga ƙungiyoyin ci gaban gari, kuma da yawa daga cikin masu rubuta irin waɗannan takardu a ƙasar Birnin Gwari suna zaune a ɗakin nan: sakatarorin ƙungiyoyi, malaman firamare, ma'aikatan asibiti, kansiloli. Sai ka ga takarda, Turancinta ba kuskure ko ɗaya, tana cewa "a lot of people" sun bar gidajensu, "a lot of schools" an rufe su. Gaskiya ce tsantsa. Amma jami'in da fayil ya zo teburinsa, aikinsa shi ne ya rubuta buhun shinkafa nawa, tabarma nawa, malami nawa, kuɗi nawa. Ba a saka "da yawa" a kasafin kuɗi. Sai ya rubuta a gefe cewa a kawo ƙarin bayani, fayil ya kwanta, mutanenmu kuma suna kwana a azuzuwa da gidajen dangi.

Mun san abin da ƙasarmu ta gani. Dajin Kamuku, wanda Gwamnatin Tarayya ta mayar gandun ƙasa a 1999, da dajin Kuyambana, sun zama maɓoyar 'yan bindiga, hanyar Kaduna kuma ta zama abin fargaba shekara da shekaru. A watan Mayu na 2018 aka kai hari ƙauyen Gwaska. Da 'yan sanda suka tabbatar da mutuwar mutum 45, wannan adadi ne ya zaga gidajen rediyon duniya. Allah ya jiƙansu. Ƙauyuka nawa ne suka yi asara irin wannan, amma labarinsu ya tsaya a "an kashe mutane da yawa", babu suna, babu rana, babu lissafi?

A watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya zo ya sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan ta daɗe a rufe. Duk lokacin da aka sami sarari irin wannan, abin da ke biyo baya shi ne neman gyara: ajujuwa, rijiyoyi, asibitoci, taki. Wanda ya zo da lissafinsa a hannu shi ake fara saurara.

Saboda haka ina ba da shawara uku. Duk inda alƙalaminka ya rubuta "a lot of" a takardar hukuma, ka tsaya ka tambayi kanka: nawa ne? In ana iya ƙirgawa, je ka wurin mai unguwa, ko dagaci, ko hedimasta, ka ƙirga, ka sa ranar da ka ƙirga. In ba ka da cikakken adadi, rubuta "at least" ko "about" gaban wanda ka tabbatar, kada ka ƙara ko mutum ɗaya, domin adadi guda na ƙarya kan zubar da mutuncin takarda duka. Sannan ina roƙon wannan ƙungiya ta kafa ƙaramin kwamiti da zai tattara sunayen makarantun da aka rufe a gundumominmu, da yawan ɗaliban kowace, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Malamanmu, kun koya mana ƙirga kun koya mana rubutu. Allah ya saka muku da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya ja zamanin Mai Martaba Sarkin Birnin Gwari, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.