Ruwan Farko da Makomar Ciyawar Dajinmu



Kwamitin shirye-shirye ya umurce ni da in ce wani abu a kan sauyin yanayi. To, wannan fage yana da faɗi, saboda haka na zaɓi ɗan ƙaramin ɓangare nasa, wato tsiron ciyawa, wanda muke takawa da ƙafa a farkon damina ba tare da mun kula da shi ba. Abin da nake son in nuna shi ne, makonni biyu ko uku na farko bayan saukar ruwa su ne ke yanke hukunci a kan makiyayar shekara. Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Ciyawar dajinmu iri biyu ce. Akwai mai daɗewa, kamar gamba, wadda saiwarta ke nan da rai duk rani, da ta ji ruwa sai ta tofo. Akwai kuma 'yar shekara, kamar kyasuwa da ƙarangiya da burburwa, wadda ke mutuwa da kaka, ta bar irinta a ƙasa. Idan aka nausa arewa, wajen Daura da Gumel da Nguru har zuwa Damagaram, galibin abin da dabbobi ke ci 'yar shekara ce. Ke nan kowace damina sai makiyayar ta sake tashi daga ƙwayar iri.

Matsala ta farko ita ce ruwan yaudara. A yi ruwa mai ƙarfi sau ɗaya, iri ya tsira, sannan sama ta ɗauke kwana goma ko ashirin. Saiwar ɗan tsiro ba ta wuce tsawon yatsa ba, kuma yashin sama shi ne ke fara bushewa. Manomi idan geronsa ya ƙone zai sake shuka, amma daji ba shi da mai sake masa shuka, sai dai abin da ya rage a ƙasa. Idan haka ta faru sau biyu a damina guda, rumbun irin da ke cikin ƙasa ya ragu ƙwarai. Abin takaici kuma, ciyawa mai saurin tsira ita ke fara faɗawa wannan tarko, yayin da masu taurin ƙwaya, irin su tafasa, kan jira ruwa ya zauna. Wannan na cikin dalilan da suka sa ake ganin fili kore shar, amma shanu na yawo ba su ƙoshi ba.

Ta biyu ita ce zafi. Masana na Majalisar Ɗinkin Duniya sun bayyana a 2021 cewa zafin duniya ya ƙaru da kimanin digiri 1.1 a kan yadda yake a ƙarshen ƙarni na 19. Wani zai ce ai wannan ba wani abu ba ne. To, amma a cibiyar binciken ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, an auna zafin saman yashi da tsakar rana ya haura digiri 50, har yakan kashe tsiron gero. Tsiron da ke bakin iyakar juriyarsa, ƙarin digiri ɗaya ya ishe shi. Bugu da ƙari, guguwar da ke zuwa gaban hadari takan kwaso yashi ta yanka ganyensa, ko ta binne shi gaba ɗaya.

Ta uku ita ce yadda ruwan yake sauka. Malamanmu za su tuna farin 1973 da na 1984, lokacin da dabbobi suka mutu birjik, gamba kuma ta ɓace daga wurare da dama na Sahel. Daga shekarun 1990 ruwa ya ɗan dawo, amma da wata ɗabi'a dabam. Wani bincike da aka buga a 2017 ya nuna cewa manyan hadarurruka masu tsanani a Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Ruwan da ya kamata ya sauka cikin mako guda sai ya zubo cikin sa'a biyu. A kan faƙo ba ya shiga ƙasa, gudu yake yi, ya kwashe iri da taki ya kai kwari. Saboda haka adadin ruwan shekara zai iya cika a takarda, alhali kuwa tsiro ya mutu da ƙishirwa.

Jama'a, wannan ba maganar masana tsirrai kaɗai ba ce. Idan ciyawa ba ta tashi a arewa ba, makiyayi zai daɗe a kudu, ko ya ratsa ta gonakin da aka riga aka shuka. Dokar keɓe makiyaya ta Jihar Arewa tun 1965 take, amma doka ba ta tsirar da ciyawa. Kuɗin nono da na nama da na ragon layya, har da zaman lafiya tsakanin manomi da makiyayi, duk suna rataye a kan wannan ɗan tsiro.

Shin akwai abin yi? Akwai, kuma maƙwabtanmu sun gwada. A Jamhuriyar Nijar ana haƙa ramuka masu siffar rabin wata a kan faƙo, su tare ruwa, a watsa irin ciyawa a ciki. A ƙasar Maradi, tun daga 1983, manoma suka shiga barin kututturen gawo da kalgo da sabara su tofo maimakon a sare su, har aka kiyasta cewa bishiyoyi kusan miliyan 200 sun dawo a fili mai hekta miliyan 5 a faɗin kudancin Nijar. Inuwar bishiya tana sanyaya ƙasa, tana karya ƙarfin iska, kuma a ƙarƙashinta tsiro kan tsallake kwanakin da ruwa ya ɗauke.

Don haka ina da shawarwari uku ga wannan ƙungiya. Na farko, mu roƙi hukumar makaranta ta ware ɗan fili a killace shi, ɗalibai su tara irin gamba da kyasuwa da kaka, su shuka, su riƙa rubuta ranar ruwa da ranar tsira. Na biyu, waɗanda ke aiki a ƙananan hukumomi su zauna da hakimai da arɗo-arɗo a kan hutar da wani sashe na makiyaya a makonnin farko na damina, da hana cinna wa daji wuta. Na uku, hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa kowace shekara, mu taimaka ya isa ƙauye da ruga cikin Hausa da Fulatanci, kada ya tsaya a ofis.

Malamanmu sun rene mu tun muna tsiro, sun san cewa kulawar farko ita ce ke da wuya. Allah Ya saka musu da alheri, Ya ba mu damina mai albarka.